Agogon daƙiƙa goma: abin da koyar da sassan jiki daga filin gasa ya nuna mana

Duk malamin ilimin sassan jiki da sashensa ya tura babbar gasa irin Olamfik ko gasar ƙasashen Afirka, ya kuma bar ɗalibai a baya, ya san umarnin da ake ba shi kafin ya hau jirgi: kada darasi ya tsaya, a ci gaba ta intanet, a mai da shi wasa. Wasan ba shi da laifi. Inda ake samun ɓarna shi ne idan wanda ke sama da kai ya ɗauki yawan mahalarta da hoton allon maki a matsayin shaidar an koyi wani abu, ya kafe sai an sa wa kowace tambaya daƙiƙa goma don wasan ya yi zafi. Irin wannan shugaba yawanci ya daɗe rabonsa da ɗakin fiɗa, amma rahoton ƙarshen zango da hannunsa ake sa shi.

A duba yadda Kahoot, manhajar wasan tambayoyi ta intanet, ke raba maki. Amsa daidai tana samun tsakanin 500 da 1000, gwargwadon saurin dannawa. Idan agogo daƙiƙa goma ne, wanda ya danna a daƙiƙa ta biyu yana samun 900, wanda ya tsaya ya yi tunani har ta takwas yana samun 600. Zaɓi huɗu ne a gabansu, don haka mai cinke ma yana dace da ɗaya cikin huɗu. Ɗalibai ba wawaye ba ne. Kafin a yi zama uku sun gano cewa gara yatsa ya riga ƙwaƙwalwa. Mai da agogon daƙiƙa 60, waɗannan mutum biyu za su samu 983 da 933, tazarar ta zama ba a bakin komai ba, kuma mai nazari ya daina jin cewa ana hukunta shi. Akwai ma damar kashe maki gaba ɗaya a kan tambayar da ka ga dama. Gyaran bai wuce danna wuri ɗaya ba, amma samun izinin yin sa daga sama ya fi tsara tambayoyin zango guda wuya.

Gajeren agogo yana kuma tilasta maka irin tambayar da za ka rubuta. Abin da ake iya amsawa cikin daƙiƙa goma bai wuce “mene ne sunan abin da kibiya ta nuna” ba. Sai ka tara ɗalibai masu iya jero sunayen ƙasusuwa 206 ba tangarɗa, amma a nuna musu ɗan tsere ya dafe bayan cinya ya faɗi, su rasa ta ina za su fara. Zama a bakin fili yana tona wannan asiri, domin rauni ba ya zuwa da kibiya a jikinsa. Motsi kake gani, sai faɗuwa, sai inda hannun ɗan wasa ya fara kaiwa.

Ɗauki abin da ya sami Derek Redmond na Birtaniya a wasan kusa da na ƙarshe na tseren mita 400 a gasar Olamfik ta Basalona a 1992, lokacin da tsokar bayan cinyarsa ta yage mahaifinsa ya sauko ya tallafe shi har layin ƙarshe. Daga wannan kaɗai ana fitar da tambayoyi uku masu hawa kan juna. Ta farko: daga wane ƙashi tsokoki ukun da ke bayan cinya suka taso? Daga ƙullin ƙashin ƙugu da mutum ke zama a kansa. Ta biyu: gaɓoɓi nawa suke ƙetarewa? Biyu, ƙugu da gwiwa, suna miƙe na farko suna lanƙwasa ta biyu. Ta uku ita ce mai tsoka, ita ce kuma ke buƙatar daƙiƙa 90: a wane lokaci na gudu suka fi yagewa? A ƙarshen wurga ƙafa gaba, dab da ta taɓa ƙasa, lokacin da tsokar ke a miƙe tana kuma taka wa ƙwauri birki. Ta gefen waje, mai kai biyu, ita ta fi shan wahala a wurin ’yan gudun gajeren zango. Ɗalibin da ya bi wannan layi ba zai manta sunan ba, don ya san aikin da ya rataya a kansa.

Haka agara. Liu Xiang na Sin ya janye daga tseren tsallake shinge na mita 110 a Beijin a 2008 saboda ita, sannan a Landan a 2012 ta tsinke masa a shingen farko. Abin tambaya a nan shi ne wurin da ta fi tsinkewa, wato santimita biyu zuwa shida sama da inda ta kama ƙashin dunduniya, inda jini bai wadace ta ba, da kuma gwajin da ake yi: a kwantar da mutum rubda ciki, a matse sha-raɓarsa, idan tafin ƙafa bai motsa ba to ta rabu.

Amsoshin da ba daidai ba su ne rabin aikin, kuma su aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Idan amsa tana gwiwa, ka cike sauran gurabe da abin kafaɗa da na wuya, ka ba da amsar kyauta. Dole su kasance maƙwabta na gaskiya: jijiyar gicciye ta gaba, ta baya, jijiyar gefen ciki, da guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan. Kowane zaɓi ya wakilci wani ruɗani da ka san ɗalibai suna yi. Ta haka idan jadawalin amsoshi ya fito ka ga kashi ɗaya cikin uku sun taru a kan kuskure guda, ka san ainihin abin da za ka tsaya ka warware. A nan ake koyarwar, a minti biyun da ke bayan kowace tambaya, kuma su ne minti biyun da mai son wasa ya yi zafi yake cewa ɓata lokaci ne.

Zama ɗaya bai kamata ya wuce tambaya 12 ba. Uku na suna a daƙiƙa 20 don a ɗumama, shida na dalili a daƙiƙa 60 zuwa 90, uku kuma daga makon da ya wuce, musamman waɗanda aka fi faɗuwa. A sauke rahoton zama a ajiye, domin shi ke nuna wanda ya amsa daidai da sani da wanda ya danna cikin daƙiƙa ɗaya. A rufe da abin da allo ba ya iya yi: kowa ya taɓa jikinsa. Ya laluba kan siririn ƙashin ƙwauri a gefen waje na gwiwa, ya sauko kaɗan zuwa wuyansa inda jijiyar saƙo ke zagayowa, wadda idan ta ji rauni mutum ba ya iya ɗaga tafin ƙafa. Ya miƙe babban yatsa ya danna ramin da ke gindinsa a wuyan hannu, inda ƙashin sikafoyid yake, wanda ke karyewa idan aka faɗi a kan tafin hannu kuma yake jinkirin ɗorewa saboda jini daga ƙarshensa yake shigowa ya koma baya.

Hoto yana da nasa tarko. Kyamarar gaba ta waya takan juya hoto kamar madubi, sai hannun dama ya koma na hagu, ka yi wa ɗalibai alamar kuskure alhali su ne da gaskiya. A rubuta harafin gefe a jikin takarda a riƙe cikin hoton tun wajen ɗauka. Kibiyar da ta yi siriri a kwamfuta kuma, a fuskar waya tana iya rufe abu biyu a wuyan hannu. A gwada kowace tambaya a ƙaramar waya kafin a saka ta.

Sauran darussan na wurin gasar ne, kuma gajeru ne. Intanet a cikin filin da ya cika da jama’a ba abin dogaro ba ne, don haka wasan kai-tsaye a yi shi daga masauki, ko a bayar da shi a matsayin aikin da kowa zai yi a lokacinsa. A lissafa bambancin agogo kafin a sanar da lokaci. Katin shaida yana da iyakar wuraren da zai shigar da kai, kar a tsara darasi a kan wurin da ba a da izinin shiga. Bidiyon gasa mallakar masu haƙƙin watsawa ne, zane ko bayani da baki ya wadatar. Abin da aka gani a asibitin ƙauyen ’yan wasa kuwa ba ya shiga tambaya ko da an cire suna, domin ƙasa da wasa da rana sun isa a gane mutum.

Sai maganar taskar tambayoyi. Idan an buɗe asusun da sunan sashe, duk abin da ka rubuta yana can ranar da ka ajiye aiki, kuma za ka iya ganin sa a rahoton shekara ƙarƙashin sunan wanda ya yaƙi agogon daƙiƙa 60. Ka riƙa ajiye kwafinka a fayil daban tun daga tambayar farko, da kwanan wata a jikin kowace.