Kalmar da aka hana mu faɗa a Kazan

Na sauka Kazan a watan Oktoba na 2021 da jaka ɗaya da rigar sanyin da na saya a Kantin Kwari, wadda sanyin Rasha bai ma san da ita ba. Masallacin Ƙul Sharif da naman halal a kasuwa su suka fara kwantar mini da hankali. Na kama ɗaki a gidan wata tsohuwa da nake kira Babushka, wato Kaka. Talabijin ɗinta ba ya hutawa, a gabansa na tsinci rabin Rashancina.

Da asubar 24 ga Fabrairu 2022 Putin ya sanar da abin da ya kira aikin soja na musamman a Ukraine. Cikin mako uku katin Visa da ake turo mini kuɗi daga gida ya fara ba ni matsala, aka toshe Facebook, sannan Instagram, aka rufe gidan rediyon Echo na Mosko. Ranar 4 ga Maris aka kafa dokar ɗaurin har shekara 15 ga wanda ya yaɗa abin da hukuma ta kira ƙarya game da soja. A aji wani ɗalibi ya ce "voina", yaƙi ke nan. Malamarmu ta dubi ƙofa, ta ce a hankali kada mu sake furta ta a waje.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda abin ya ci mutane. Kafin nan Babushka kullum kukan kuɗin fansho take da tsadar magani. Da harafin Z, alamar goyon bayan yaƙin, ya cika motocin gari, talabijin na ta maimaita 'yan Nazi da nasarar 1945 a kan Jamus a Yaƙin Duniya na Biyu, sai ta bar zancen fansho. Mahaifinta ya mutu a wancan yaƙin, kuma da wannan miki aka kama ta. Cibiyar Levada mai binciken ra'ayin jama'a ta ce masu goyon bayan Putin sun tashi daga kashi 71 zuwa 83 cikin wata guda.

Ranar 21 ga Satumba aka ce za a kira mutum 300,000 aikin soja. Takarda ta iso wa jikanta. Daren nan na tarar da ita a kicin, talabijin a kashe, shayinta ya huce.

"Babushka, in ɗumama miki?"

"Zauna, ɗana," in ji ta. "Ku a addininku yaya ake yi wa matafiyi addu'a?"