Yadda ake zana taswirar lafiyar Kogin Haɗeja

Kogin Haɗeja yana samun ruwansa ne daga Kogin Kano da Kogin Challawa, kuma dukkansu an datse su: Tiga a 1974, Challawa Goje a 1992. Tun daga nan kogin ya daina ƙafewa da rani kamar da. Ruwan da ke kwance shekara zagaye shi ya ba ciyawar kacala damar cika hanyoyin ruwa irin su Marma da ke zuwa Nguru. Ta toshe hanya, ruwa ya malale inda ba a so, gonakin ƙasa kuma suka bushe, jan-baki ya samu maɓoya. Duk mai son zana taswirar lafiyar wannan kogi daga nan zai fara.

A zaɓi wuraren awo tsayayyu: sama da ƙasa da kowace madatsa, ƙasa da inda ruwan majemun Challawa da Sharaɗa ke shiga, da bakin kowane reshe. A ɗauki lambar wurin da GPS na waya, a riƙa komawa daidai nan da damina da rani. Awon da aka yi sau ɗaya ba taswira ba ce.

Iskar oksijin ta cikin ruwa ita ce babbar shaida. Miligiram 5 a lita zuwa sama, kifi na cikin walwala. Ƙasa da 2, karfasa za ta fara taso da baki sama. A auna ta da asuba. Mai awo da la'asar yakan ruɗu, domin tsirran ruwa sun wuni suna zuba iska, sai lalataccen ruwa ya fito kamar lafiyayye. Awon pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, ya kamata ya tsaya tsakanin 6.5 da 8.5. Gudun ruwa kuwa ba ya bukatar na'ura: a auna mita 10, a jefa lemo, a ƙirga daƙiƙun da ya ɗauka, a yi sau uku, a raba mita 10 da matsakaicin daƙiƙun don a samu sauri, sannan a ninka saurin da 0.8, saboda ruwan sama ya fi na ƙasa gudu. Sinadarin kuromiyom na jima ba a gane shi da ido, sai an kai samfur ɗakin gwaji a kwalba mai tsabta cikin ƙanƙara.

A kuma tona laka da ƙafa a gaban ƙaramar koma. In jajayen tsutsotsi kaɗai suka fito, ruwan ya daɗe cikin ƙazanta. Yawan ƙananan katantanwa a gindin ciyawa kuwa dalili ne na a binciki tsargiya a ƙauyen.

Hotunan tauraron ɗan'adam na Sentinel-2 kyauta ne, kowane ɗigo mita 10, sabo duk kwana 5. Matsalarsu biyu. Gajimaren Agusta yana rufe su daidai lokacin ambaliya, don haka sai a koma ga Sentinel-1 mai aiki da rada, wato na'urar da ke gani ta cikin gajimare. Ta biyu ta fi muni: daga sama kacala da shinkafa duk kore ne. Dole a shiga kwalekwale a tantance, in ba haka ba za a rubuta annoba a matsayin albarka.

Inda aka fi yin sakaci shi ne amfanin da jama'a ke samu, alhali shi ya kamata ya fi kowane shafi cika. A zauna da sarkin ruwa, da arɗo, da manoman fadama, da mata masu ƙyafa kifi, kowa daban. Su nuna a kan hoton da aka buga babba: ina ake kamun tarwaɗa, ina mashaya da burtali, ina ake yankan kaba da tsinkar goruba, wace rijiya ce ke ja baya in ambaliya ta gaza. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci, domin ruwan da ya kwanta a dausayin Haɗeja da Nguru shi ke nutsewa ya cika rijiyoyin da ke nesa da kogin. Masu tsara sakin ruwa daga Tiga suna bukatar ganin waɗannan rijiyoyi a taswira kafin su buɗe ko su rufe ƙofa.