Talata: yadda "claimed" ta so ja mini magana

Yau ni aka ɗora wa rubuta rahoton taron da muka yi da safe, kuma da Turanci. Na ɗauka aikin rabin awa ne. Har yamma ina kansa.

Matsalar farko tsohuwa ce. A Hausa idan mutum ya ce "zan zo gobe", cewa zan yi ya ce zai zo gobe, shi ke nan. Turanci kuwa sai ka ja lokacin baya da taki ɗaya: "will" ta koma "would", "can" ta koma "could", "is" ta zama "was". Ita ma "tomorrow" ba ta tsira ba, don mai karanta rahoton mako mai zuwa gobensa daban, dole ta zama "the next day". Duk na san wannan tun muna makaranta, amma hannuna Hausar da ke kaina yake bi. Wuri huɗu na tsinci "he said he will".

Da na gama gyara su, sai na ga "said" ta cika shafin, kusan kowane layi. Na ce bari in yi ado. Na sa "explained" a nan, "pointed out" a can, a maganar shugabanmu kuma na rubuta "he claimed that the work was finished". Har ina jin daɗin kaina.

Na kai wa wani dattijo da muke aiki tare ya duba. Ya sa yatsa kan kalmar, ya ɗago kai.

"Kai, yaro, ƙarya kake cewa ya yi?"

Na ce, "A'a Malam, wane ni."

Ya ce to "claimed" kamar "wai" ce a wurinmu. "Ya ce an gama aikin" daban, "wai an gama aikin" daban. Ta biyun ka janye jikinka, ka bar mai magana da maganarsa. Gabana ya faɗi, don shugaban ne zai fara karantawa. Haka "admitted" take nuna akwai abin da mutum ya so ɓoyewa, "insisted" kuma tana nuna an ja da shi. Ashe duk kalmar da na ɗauko don ado, hukunci nake yankewa da ita ban sani ba.

Ya kuma kama ni da "she suggested us to wait". Wannan kalma ba ta karɓar "to" haka, sai dai "suggested waiting" ko "suggested that we wait". Tambaya ma ya gyara mini: "asked where the file was", aikatau a ƙarshe, babu alamar tambaya.

Na mayar da "said" wuri shida. Wuri ɗaya kawai na bar "promised", inda wani ya ce zai kawo lissafi ranar Juma'a. Wannan da gangan na bar ta.