Wanzami ya fi ƙarfin tankinmu

Jidda, ranar Asabar

Ina dawowa daga sallar asuba na kunna fitilar tankin kifayena, sai ga tsaga a haƙarƙarin ɗan kifin nan mai launin shunayya, miƙaƙƙiya sambal kamar an ja da reza. Ban tsaya tambayar kowa ba, na san aikin Wanzami ne.

Yara ne suka raɗa masa sunan, kuma ya dace da shi. Sohal ne, ɗan asalin Bahar Maliyan nan tamu, daga dangin kifayen da ake kira tang. Irinsa suna da aska a gindin wutsiya, ɗaya hagu ɗaya dama, tana kwance cikin ɗan kube sai rai ya ɓaci a zaro ta. Tasa ruwan lemo ce, daga nesa kana hango ta.

Shekara uku ke nan da na sayo shi, bai wuce tsawon yatsana ba. Mai shagon ya ce lita 450 ta ishe shi har ya tsufa, ni kuma da yake ina so, na yarda. Yau da ya gifta na kara ma'auni a jikin gilashi: santimita 22, kuma irinsa kan kai 40. A teku yana kama yankinsa ne a bakin murjani inda igiyar ruwa ke bugawa, ya yini yana kiwon gansakuka yana korar duk wanda ya matso. Ni kuwa na kulle shi a ɗakin da bai wuce santimita 120 ba. Yanzu safa da marwa kawai yake yi a jikin gilashi.

Babu dabarar da ban gwada ba. Na sauya wa duwatsu zama, na rataya nori, wato busasshen ganyen teku, a kusurwa biyu don kowa ya ci nasa, har madubi na manna don ya yi ta faɗa da inuwarsa. Kwana biyu ya gane wayon.

Sai na yanke shawarar fitar da shi daga tankin, kamun ne ya ci mini yini. Ba a sa masa raga, askar kan maƙale ta ji masa ciwo, don haka da robar abinci na bi shi. Ya shige ƙarƙashin dutse ya ƙi fita, sai da na kwashe duwatsun kaf na jera a baho. Da na rufe shi ya yi wani fizge, sai jini a babban yatsana. Uwargida tana bakin ƙofa da tsumma a hannu ta ce, "Baban yara, kifi kake kiwo ko ɗan dambe?" Falon duk ya jiƙe, ba ni da bakin magana.

Autata ta ce mu kai shi bakin teku mu sake shi. Na ce a'a, ya zauna da kifayen wasu tekuna, kada ya kai wa 'yan'uwansa cuta. Wani abokina mai tankin mita biyu da rabi zai zo gobe bayan la'asar da kula ya ɗauke shi.

Na mayar da duwatsun, ma'aunin gishirin ruwa yana 1.025, zafinsa digiri 26. Mai shunayyar zan sa wa ido, domin shi ma tang ne, kuma idan tang ya wahala farin ƙurji ba ya jimawa yake feso masa. Bayan isha'i dai ya leƙo daga raminsa ya ɗan yagi nori.