Littafin da muke rubuta waɗanda aka kama

Ana kiran assalatu Inna, maƙwabciyarmu, ta buga mana ƙofa, ko mayafi ba ta tsaya ɗauka ba. An zo cikin dare neman babban ɗanta a kan bashin kuɗin buhunan masara, ba a same shi ba, sai aka tasa ƙeyar ƙaninsa, yaron da ko sakandare bai gama ba.

Ni malamar firamare ce. Sai dai watanni biyu kafin nan na halarci wata bita ta kwana biyu da wasu lauyoyi suka shirya wa mutanen unguwanni, na dawo da takardu cike da jaka da kuma jin kai, in dai gaskiya zan faɗa. Na san Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015, a sashe na 7, ta hana a kama wani a madadin wani. Sashe na 8 ya hana a kama mutum saboda bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki kawai. Na san sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ce a kai wanda aka kama gaban alƙali cikin kwana ɗaya, matuƙar akwai kotu a tsakanin kilomita 40. Na ce, "Inna, share hawayenki, kafin azahar yana gida."

Muna isa caji ofis na nufi kanta, ko gaisuwar kirki ban yi ba, na hau karanto sassa da ƙarfi, mutane na kallo. Kofur ɗin ya bar ni na kai aya, sannan ya ɗago ya ce, "Hajiya, ke lauya ce?" Na ce a'a. Ya ce, "To a jira oga." Muka jira oga a kan benci har la'asar ta yi sanyi. Kwana uku yaron nan ya yi a sel. Ranar ta huɗu mai unguwa ya je, ya yi gaisuwa, ya tambayi iyali da gajiya, aka fito da shi. Daga baya na ji Inna ta sayar da akuyarta, kuma a ƙarƙashin takardar nan da aka manna a bango mai cewa beli kyauta ne aka ƙirga kuɗin.

Har yau ina ganin kwana biyu daga cikin ukun nan bakina ne ya jawo su. Gaskiya na faɗa, amma na faɗe ta a gaban jama'a ga mutumin da makulli ke hannunsa, ban bar masa ƙofar da zai fita da mutuncinsa ba.

Bayan wannan muka haɗu mu bakwai a zauren mai unguwa: ni da mata biyu, wani tela, wani mai adaidaita sahu, na'ibin limamin masallacinmu, da wani dattijo da ya yi ritaya yana masinjan kotu, wanda kowa ke kira Baba. Ba mu da suna, ba mu da rajista. Muna zuba naira 200 duk Juma'a kamar adashi, don kuɗin mota da kati. Baba ne ya ce a sayo littafi mai kauri irin na 'yan kasuwa. Duk wanda aka kama a unguwa, a rubuta sunansa, da ranar, da ƙarfe nawa, da inda aka kai shi, da wanda ke riƙe da binciken. Ni a lokacin gani nake ɓata lokaci ne.

Ashe littafin ne makamin. Yanzu in za mu je, mu uku muke tafiya, na'ibi a gaba. A gaisa sosai, durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Sai in buɗe littafi a kan kanta in ce, "Yallaɓai, don Allah ƙarfe nawa aka kawo shi? So nake in rubuta daidai." Ba na ambatar ko sashe ɗaya. Ganin biro na tafiya a kan takarda ya fi duk ihun da na yi a baya aiki. Sau ɗaya aka ce mini mace ba ta tsaya wa mutum a beli. Na sassauta murya yadda shi kaɗai zai ji, na ce sashe na 167 ya ce ba a hana mace don tana mace. Ya dube ni, ya miƙo fom.

Wanda ya fi tsaya mini a rai wani matashi ne mai wankin mota. An yi faɗan daba a bakin titi, aka zo kamen kan mai uwa da wabi, aka haɗa da shi da soso a hannu. Aka gurfanar da su a kotun majistare da tuhumar fashi da makami. To majistare ba ta da hurumin sauraron fashi da makami, iyakarta ta ce a ajiye mutum a gidan yari har shawara ta fito daga ma'aikatar shari'a. Doka ta ce irin wannan ajiya kwana 14 ce a karon farko, sai an koma gaban alƙali a sabunta. A aikace kuwa, nan ne ramin da mutane ke ɓacewa. Fiye da rabin waɗanda ke gidajen yarin ƙasar nan, waɗanda tun 2019 aka sauya wa suna zuwa gidajen gyaran hali, jiran shari'a suke yi, ba a yanke musu hukunci ba.

Wata goma sha huɗu mahaifiyarsa na kai masa tuwo duk Asabar, ana ce mata shawara ba ta fito ba. Baba ya ce, "'Yata, fayil ba ya da ƙafa, sai an ɗauke shi." Ya sa hularsa ya bi sawu ofis-ofis, yana gaisawa da yaran da ya taɓa koya wa ɗinke takardu. Sati uku yana wannan zirga-zirga, sai ya gano fayil ɗin bai taɓa barin inda aka buɗe shi ba. Ba a yi kwafinsa ba, wai babu kuɗin takarda. Muka yi gardama a zaure ko biyan kuɗin kwafin shi ma cin hanci ne. Tela ya ce shi ne, na'ibi ya ce ceton rai ne. Muka biya, muka rubuta a littafi. Wani matashin lauya ya karɓi maganar kyauta, bayan wata biyu shawara ta fito cewa babu tuhumar da zai amsa.

Ni na je tarbo shi. Duk ƙazuwa ta cinye masa tsakanin yatsu. Da muka zo tsallaka titi sai ya riƙe gefen hijabina kamar ƙaramin yaro, ya manta yadda ake auna gudun mota. Yarinyar da aka sa musu rana kuwa an aurar da ita tun bara. Wani gandiroba ne ya bi mu da gudu ya damƙa masa kuɗin mota daga aljihunsa, shi ya sa ba na yarda a yi wa masu kaki kuɗin goro a gabana.

Mun sake yin wani kuskuren, kuma ya fi na farko ciwo. An tsare wata budurwa 'yar aiki a kan zargin satar sarƙa, muka ga abin ya ƙi motsi, muka kai maganar gidan rediyo ba tare da mun tambayi iyayenta ba. Washegari aka sake ta. Amma duk ƙauyensu sun ji sunanta haɗe da kalmar sata. Mahaifinta ya zo har zaure, bai ɗaga murya ba, ya ce, "Malama, da kun bar ta ta ƙara kwana biyu a can." Na rasa inda zan sa kaina. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tun ranar, ba ma ɗaga ƙafa sai mai abu ya ce a ɗaga.

Matashin lauyan nan da ya karɓi maganar mai wankin mota ne ya ba ni labarin cewa a Malawi tun shekarar 2000 ake da irinmu, waɗanda ba lauyoyi ba, suna shiga gidajen yari suna bin fayil ɗin mutane, kuma hukuma ta san da zamansu. Baba ya ce ai mu ma ba yau muka fara ba, zamanin NEPU 'yan jam'iyya ne ke bin sawun waɗanda 'yan doka suka kulle, ga kuma irin ɗaurin da Hajiya Gambo Sawaba ta sha.

Littafi na uku muke ciki yanzu. Wanda ya fito, sai a ja layi a kan sunansa da jan biro. Baba ya rasu da azumin bara, ni ke bin ofisoshin. Akwai sunaye huɗu da ba a ja musu layi ba, ɗaya tun daga littafi na biyu na kwafo shi. Ran Litinin aka ce in koma, wai rajistara ya dawo daga hutu.