Na Fita Neman Hayaƙi a Titi, Na Tarar da Shi a Madafar Gwaggona

Lokacin da na zaɓi gurɓacewar iska a matsayin binciken digirina na biyu, gani nake na riga na san amsar. Duk wanda ya taɓa tsayawa a 'Yankura ko Ƙofar Nasarawa a Kano da yamma ya san abin da salansar Adaidaita Sahu ke yi wa ido da maƙogwaro. Ga janareta a ƙofar kowane shago, ga masana'antun Sharaɗa da Bompai da Chalawa, ga hazon hunturu. Na ce zan auna waɗannan, in rubuta, in miƙa.

Malamina ya ara mini na'urori uku, kowace ba ta fi kwalin sabulu girma ba. A cikinta akwai 'yar fanka da ke zuƙo iska ta bi da ita ta gaban hasken leza, sai ta ƙirga ƙwayoyin da suka gifta. Abin da muka fi sa wa ido shi ne wanda masana ke kira PM2.5, wato ƙwayoyin ƙura da hayaƙi da faɗinsu bai wuce maikuromita 2.5 ba. Silin gashi guda ya fi su kauri kusan sau 30. Gashin hanci ba ya tare su, tari ba ya fitar da su duka, suna wucewa can ƙasan huhu, mafi ƙanƙantarsu har cikin jini. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sabunta ƙa'idarta: kada su wuce maikurogiram 15 a kowace mita kubik ta iska a tsawon awa 24, kada kuma matsakaicin shekara ya wuce 5. Ƙa'idar 2005 ta ce 25 da 10 ne. An rage ne saboda bincike ya nuna ko kaɗan ɗin ma yana illa.

Na'ura ta farko na rataye ta a jikin wani shago a bakin titi. Kullum da asuba sai lambobin su yi sama, tun kafin ababen hawa su fito. Na kwana biyu ina mamaki, har ran da na yi sammako na je da kaina. Ashe taku uku daga wurin akwai mai shayi, yana hura itace ƙarƙashin tukunyarsa, hayaƙin yana bi ta kan na'urar kai tsaye. Titi nake son aunawa, murhunsa nake aunawa. Tun daga ranar ba na kafa na'ura a wuri sai na yini a can da littafina, na ga wa ke hura wuta, wa ke ƙona bola, ina janareta yake, ta ina iska ke kaɗawa.

Rashin wutar lantarki kuwa ya cinye mini bayanan kusan mako biyu, don batirin ya mutu ban sani ba. Daga nan na koma leƙa su duk bayan kwana biyu.

Da hazo ya sauko a watan Disamba, na zaci na'urorin za su haukace. Sun tashi, amma bai kai yadda idona ke gani ba, alhali mutum ba ya hango ƙarshen layi. Malam ya yi mini bayani cewa irin waɗannan ƙananan na'urori sun fi iya ganin hayaƙi a kan ƙurar hamada, domin yawancin ƙurar tana da ɗan kauri, sai su ƙirga ta ƙasa da yadda take. Dole a gwada su da babbar na'ura a daidaita lissafi. Ita ƙurar, mafi yawanta daga kwarin Bodele take tasowa a arewacin Chadi, busasshen gindin tsohon tafkin Chadi, iskar arewa maso gabas ta kwaso ta ta zube mana. Wannan ba mu da iko da ita. Abin da na lura shi ne a daren sanyi iska takan kwanta ƙasa ba ta motsi, sai hayaƙin girki da na masu jin ɗumi ya tsaya daidai tsayin mutum, ya haɗu da ƙurar.

Na'ura ta uku na kai ta gidan Gwaggona a cikin gari, can cikin lungu inda mota ba ta shiga. Nufina ta zama ma'aunin wuri mai tsabtar iska, in riƙa kwatanta sauran da ita. Na ɗaura ta a tsakar gida. Da na dawo na sauke bayanan, sai na ga abin da ban gani ba ko a bakin titi: sau biyu a rana, da hantsi da kuma bayan La'asar, lambobin na haurawa su ninka na titin, su daɗe ba su sauko ba.

Na ce, "Gwaggo, wani ya taɓa abin nan ne?"

Ta ce, "Ni na ɗauke shi, ɗan nan. Yara na ta jifansa da ƙwallo, na ce kayan mutane ne, sai na sa maka shi a madafa."

Na shiga madafar. Ɗaki ne ƙarami, taga ɗaya kamar tafin hannu biyu, rufin ya yi baƙi ƙirin har yana ƙyalli. Tukunyar gas na gefe an kife kwano a kanta, tun da kuɗin gas ya tashi aka koma itace da gawayi. Matar ɗanta tana durƙushe tana fifita wuta, itacen ɗanye ne yana tsiyayar ruwa ta gindi, idonta ya yi ja, ga jaririya 'yar wata bakwai goye a bayanta. Kan yarinyar yana daidai inda hayaƙin ke tashi. Na goge bakin fankar na'urar da farin hankici, ya fito da baƙi kamar an shafa gindin tukunya.

A gidan nan na yi wayo. Tuwon madafar nan na ci na girma, ban taɓa kallon hayaƙinta a matsayin wani abu ba.

Na san alƙaluman tun a aji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a 2020, cikinsu har da yara fiye da 237,000 'yan ƙasa da shekara biyar, yawanci ta hanyar limoniya. Manya kuma ciwon zuciya, shanyewar ɓarin jiki, ciwon huhu mai daɗewa. Na haddace su don jarrabawa, amma sai ranar na ga wa ake nufi.

Sai na roƙi Malam mu faɗaɗa binciken ya shiga gidaje. Ni namiji ne, ba kowane gida zan wuce zaure ba, don haka ƙanwata ta riƙa shiga da takardar tambayoyi. Tambayar farko da na tsara ta faɗi warwas. Na rubuta, "Nawa gurɓacewar iska ke jawo muku asara?" Babu wadda ta amsa, don ba wanda ke lissafi da wannan sunan. Muka sauya: yaushe rabon yaro da tari? Nawa kika biya a kemis? Kwana nawa ba ki ɗora ƙosai ba saboda jinya? Nan baki ya buɗe. Wata mai tuyar awara ta ce duk sanyi sai ƙirjinta ya kama, ta yi kwanaki ba ta fita, ta ci uwar kuɗi, sannan ta ranto ta sake tayar da sana'ar.

Irin wannan asarar ba ta shiga littafin kowa. A wani asibiti da na duba rajista, "tari da zazzaɓi" kawai ake rubutawa, ba a tambayar da me ake girki a gida. Mafi yawan masu tarin ma a kemis suke tsayawa. Shi ya sa rahoton da Bankin Duniya ya fitar a 2020 kan Legas ya burge ni: ya ƙiyasta cewa a 2018 gurɓatacciyar iskar waje ta jawo mutuwar kimanin mutum 11,200 da asarar dala biliyan 2.1, kuma kusan kashi 60 cikin 100 na mamatan yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Ina ganin Kano na buƙatar irin wannan lissafi, kuma in za a yi, a shiga har madafa. Na kuma koyi taka-tsantsan wajen rubutu: na'urata za ta iya nuna yawan hayaƙin da yaro ke shaƙa, ba za ta iya rantsewa cewa shi ya sa shi tarin jiya ba.

Ban ce wa Gwaggo ta koma gas ba, na san abin da ke aljihun gidan. Mun fito da murhun zuwa tsakar gida ƙarƙashin rumfa, aka riƙa shanya itace kafin a hura, aka fasa bangon madafar aka ƙara taga saboda damina. Jaririyar kuma, in za a ɗora tukunya, Gwaggo ke karɓarta ta zauna da ita a ƙofar ɗaki. Na bar na'urar mako guda bayan haka. Ran da na je ɗauka, ta tare ni tun daga zaure da yarinyar a kafaɗa.

"To, ɗan nan, me abin naka ya ce?"

Na buɗe kwamfuta na nuna mata layin makon farko da na wannan makon. Ta sa yatsa ta bi tsinin farkon har sama, ta dawo ta bi na biyun, sannan ta ɗaga murya ta ce wa matar ɗanta ta zo ta gani.