Abin da na koya daga kurtun da ya zama edita

Duk wanda ya taɓa zama a teburin tace labarai ya san rabin aikin tambaya ce, kuma irin tambayar da mutum yake jin kunyar yi a gaban jama'a. Ni aikina kenan a wata kafar labarai ta intanet, wakilai su turo, ni in gyara in sa kanu in miƙa ma oga, kuma mutumin da ya fi gyara min tunani a kan wannan aikin ya mutu tun 1951, Ba'amurke ne mai suna Harold Ross, shi ya kafa mujallar The New Yorker. Wani malaminmu na aikin jarida ne ya fara ambato shi a aji, wai ku je ku karanta tarihin mutumin nan in kuna so ku san mene ne edita, yawancinmu muka share zancen, sai da aiki ya fara gasa min aya a hannu sannan na koma na nemo shi.

An haife shi a 1892 a wani garin masu haƙar ma'adinai da ake kira Aspen a jihar Colorado, ko sakandare bai gama ba ya faɗa aikin jarida, irin 'yan jaridar nan masu yawo gari gari, yau yana San Francisco gobe New Orleans jibi Atlanta, har Panama sai da ya taɓa. Da Amurka ta shiga yaƙin duniya na farko a 1917 sai ya shiga soja, aka sa shi a rundunar injiniyoyi masu aikin layin dogo aka kwashe su zuwa Faransa. Farabiti ne, ko igiya ɗaya babu a hannunsa. Can ya ji labarin sojoji za su fara buga jaridarsu a Paris mai suna Stars and Stripes, wadda ta fara fitowa ran 8 ga Fabrairu 1918, ai kuwa ya san yadda ya yi ya isa Paris ya liƙe ma ofishin jaridar, kuma kafin a gama abokan aikinsa shi suka ɗora a kan kujerar edita mai kula da aikin yau da kullum, alhali akwai masu muƙami sama da shi a ɗakin.

To nan ne wurin da ni na fi tsayawa, don a ganina duk abin da Ross ya zama daga baya a wannan jaridar aka ƙera shi. Ka duba waye mai karanta ta. Kurtu ne da ke kwance cikin rami da taɓo har gwiwa, wani ɗan manomi ne, wani ma Turancin bai zauna masa ba don iyayensa baƙi ne a Amurka, ga gajiya ga yunwa, in ka rubuta masa abin da sai ya karanta sau biyu kafin ya gane wallahi naɗe taba zai yi da takardar. Kuma Ross ba hasashen mai karatun yake ba, shi ma kurtun ne, abincinsu ɗaya albashinsu ɗaya. Jaridar ta kai tana buga kwafi sama da 500,000 a mako, kuma shi ya kawo shawarar sojoji su riƙa haɗa kuɗi suna ɗaukar nauyin marayun Faransa da yaƙi ya kashe ma iyaye, aka tallafa ma yara sama da 3,000. Wanda bai san zuciyar masu karatunsa ba ba zai kawo irin wannan shawarar ta karɓu ba.

Bayan yaƙi ya dawo New York ya riƙe mujallun tsofaffin sojoji, ya ɗan taɓa wata ta barkwanci, sannan shi da matarsa Jane Grant, wadda 'yar jarida ce a New York Times kuma a Paris suka haɗu, suka samo wani ɗan masu kuɗi Raoul Fleischmann, danginsa sun yi arziki da sana'ar yis na burodi, ya zuba jari. Fitowar farko ran 21 ga Fabrairu 1925, santi 15. Kuma ba wai ta fito da ƙafar dama ba ce, a'a, cikin 'yan watanni ciniki ya faɗi warwas har sun yanke shawarar rufewa sannan suka fasa, sai wajen ƙarshen shekarar ta fara numfashi. Wannan ɓangaren na bar ma masu koyar da kasuwanci.

Abin da ya dame ni shi ne yadda yake karanta rubutu. Duk abin da zai shiga mujallar sai ya bi ta hannunsa, ya zauna da tafireta ya jero tambayoyi da lamba, ɗaya biyu uku har su kai gommai a kan rubutu guda. In marubuci ya jefo sunan wani bai gabatar da shi ba sai ya rubuta a gefe, wane ne shi? Shi kenan, ba dogon Turanci. Ko zanen barkwanci aka kawo sai ya tambaya, wa ke magana a nan, kuma ni mai kallo daga ina nake kallo? Akwai labarin da abokin aikinsa James Thurber ya bayar cewa wata rana ya leƙa ɗakin masu tantance bayanai yana tambaya a kan wani shahararren littafin Amurka na farautar kifin teku, wai sunan da ke bangon na kifin ne ko na mutumin? Littafin da ɗan makaranta ma ya sani. Mutane suna ba da labarin don a yi dariya, ni kuma abin da na gani shi ne babban edita, mai mujalla sukutum, ya tsaya gaban yaransa ya yi tambayar da za ta sa a raina shi, kuma ko a jikinsa.

Mu a nan abin da ke kashe mu kenan, kowa yana tsoron a ce bai sani ba. Wakili zai turo maka labari daga wata ƙaramar hukuma, layin farko: Honorabul ya ce za a gyara gadar kafin damina. Ka kira shi, Malam wane Honorabul ɗin? Ya ce haba yallaɓai, ai kowa ya san shi. Ka ce kansila ne ko ɗan majalisar jiha ko na tarayya? Sai ka ji shiru, sannan ya ce bari in tambaya. Gadar fa, wacce? Ta bakin kasuwa mana. Wace kasuwa, a wane gari, yaushe ta karye, shi Honorabul ɗin a ina ya faɗa, a taro ne ko kai ya gaya ma a waya? Kafin ka gama ya fara jin haushi yana ganin kana masa wulaƙanci ne ko kana nuna ka fi shi boko, alhali shi ya fi ka sanin garin nesa ba kusa ba, kuma sanin nan nasa shi ne matsalar, don ya manta cewa wanda zai buɗe labarin a waya wataƙila yana Zinder ko Kumasi ko Jidda kuma bai taɓa jin sunan garin ba. Aikina a teburin nan shi ne in zama wannan baƙon. In na nuna na gane abin da ban gane ba don kar wakili ya raina ni, to mai karatu na cuta.

Sai kuma kalmomi irin su “an ce” da “rahotanni sun nuna” da “wata majiya mai tushe”. Wa ya ce? Rahoton wa? Yawanci in ka matsa sai ka tarar majiyar mai tushe wani ne ya rubuta a Facebook, shi ma daga wani guruf na WhatsApp ya kwaso. A mujallar Ross tun 1927 suka kafa sashe guda wanda ba shi da aiki sai bin diddigin kowane suna da kwanan wata da adadi kafin a buga, kuma abin da ya jawo haka kunya ce suka sha, sun buga tarihin wata marubuciyar waƙoƙi Edna St. Vincent Millay cike da kurakurai har mahaifiyarta ta yi musu ca. Yau shekara kusan ɗari sashen nan yana nan. Mu ba mu da wannan gatan, mutum ɗaya ne mai fassara mai gyara mai sa hoto mai ɗorawa a shafi, ga oga yana ta aiko saƙo wai wasu sun riga mu sakawa. Iyakar abin da na iya ɗauka shi ne suna da muƙami da adadi da wuri, waɗannan ko ana ruwan wuta sai na duba su kafin in danna, musamman adadin mamata, don nan ne aka fi yi mana ƙari.

Ba kuma cewa nake mutumin ba shi da aibu ba. Son bayani ya yi masa yawa har yana shaƙe rubutu, ga shi da son waƙafi kamar me, marubutansa sun sha faɗa da shi a kan haka, Thurber ma ya yi ta masa tsiya. Akwai rubutun da daɗinsa yana cikin abin da ba a faɗa ba, in ka ce sai an bayyana komai ka kashe shi, kuma na ga editocin da suka ɗauki wannan hali suka mai da rubutun kowa ya zama iri ɗaya kamar burodin gidan biredi guda. Abin da ya cece shi shi ne tambaya yake yi, ba umarni yake bayarwa ba, marubuci yana iya cewa wannan ta 14 ɗin ban yarda ba kuma a bar masa. Wani abin mamakin kuma, mutumin da waƙafi ɗaya ba ya wuce shi, sakatarensa ya yi shekaru yana satar masa kuɗi ta hanyar buga sa hannunsa na jabu, sama da dala 70,000, bai lura ba sai da abu ya yi nisa. Allah mai iko.

Ya kuma san iyakarsa, wannan ma darasi ne da ogogi da yawa ba sa so su ji. Ya san shi ba gwanin adabi ba ne sai ya ɗauko Katharine Angell tun 1925 ya sakar mata ɓangaren ƙagaggun labarai, ya jawo E. B. White, ya jawo Thurber, ya sa Janet Flanner tana aiko wasiƙa daga Paris, daga baya William Shawn ya shigo a 1933. Kusan dukkansu sun fi shi karatu kuma sun fi shi iya jimla. Shi nasa rubutun yawanci a wasiƙu da takardun tambayoyin nan ya ƙare, ya tace fitowa 1,399 amma ba ka ganin sunansa a kan wani rubutu a ciki. Mu kuwa wani ogan in yaronsa ya fara suna sai ya fara rage masa fili.

Inda duk wannan ya haɗu shi ne 1946. Wani ɗan jarida John Hersey ya je Japan ya zauna da mutum shida da suka tsira daga bam ɗin nukiliya na Hiroshima, likitoci biyu da limaman kirista biyu da wata bazawara mai ɗinki da wata ma'aikaciyar ofis, ya rubuto kalma wajen 30,000. Da niyyar a raba shi kashi kashi ne, Shawn ya ce a'a a buga shi gaba ɗaya a fitowa ɗaya. Ka tuna mujallar nan da barkwanci aka san ta, kuma Ross tsohon soja ne mai kishin ƙasarsa, a lokacin yaƙi na biyu ma har ƙaramar fitowa suke bugawa ta musamman ana kai ma sojoji a fagen daga, ga shi rubutun yana nuna abin da bam ɗin Amurka ya yi ma fararen hula. Ya yi ta juya abin sannan ya yarda. Suka kulle kansu a ofis kwana da kwanaki shi da Shawn suna bin rubutun layi layi da tambayoyinsa, sauran ma'aikata ba su ma san me ake ciki ba, ran 31 ga Agusta 1946 mujalla ta fito babu zanen barkwanci ko ɗaya a ciki, labari guda daga farko har ƙarshe. Cikin sa'o'i ta ƙare a kasuwa, gidan rediyon ABC ya karanta shi dare huɗu a jere, Albert Einstein ya nemi kwafi 1,000. Ni abin da na lura, ko a kan rubutu mai nauyin wannan bai ce ai babban marubuci ne a bar shi haka ba, tambayoyin da zai yi ma ɗan koyo su ya yi.

Abu ɗaya da har yau na kasa shigo da shi wurin aikinmu shi ne katangar da ya gina tsakanin masu rubutu da masu neman talla. Ross bai yarda ɓangaren kasuwanci su sa baki a abin da za a buga ba, ofisoshinsu ma a rabe suke, kuma ya yi shekaru suna zaman doya da manja da Fleischmann mai kuɗin, har ya mutu a Boston ran 6 ga Disamba 1951 wajen tiyatar kansar huhu, Shawn ya gaje shi. Na taɓa kawo ma oga wannan zancen ranar da aka ce in sassauta kanun wani labari don wanda abin ya shafa yana ba mu talla, ya saurare ni tsaf sannan ya ce, to Malam, shi Baturen naka mai yis ne ya tsaya masa, mu wa zai biya albashin ƙarshen wata? Na ce ranka ya daɗe ai shi ma da mai yis ɗin yake faɗan. Ya yi dariya ya ce in je in sa kanun yadda aka ce. Na sa, amma sunan mutumin da muƙaminsa da adadin kuɗin kwangilar suna nan a sakin layi na farko, ban taɓa su ba, kuma oga ya gani bai ce komai ba.